Allurar ta zo, amma kada a cire na'urar tukuna

Shekara da shekaru ina ɗaukar minsharin maigidana a matsayin gajiyar aiki. Ƙarar na saba da ita. Shirun da ke biyo bayanta ne ya fara hana ni barci. Sai minsharin ya yanke ɗif, ƙirjinsa na ta ɗagawa yana neman iska, amma babu abin da ke wucewa. Na sha zama a bakin gado ina ƙirgawa: goma, sha biyar, ashirin. Can sai ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Da safe ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya rantse mini bai farka ko sau ɗaya ba.

Da aka yi masa gwajin barci, likita ya yi mana bayani cewa lalurar ɗaukewar numfashi a cikin barci ce, wadda ake kira sleep apnea da Turanci. Idan mutum ya yi barci tsokokin maƙogwaronsa suna saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe. Duk lokacin da numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye, sai a ƙirga. Daga sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Nasa a sahun ƙarshe ya faɗa. Aka ba shi na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta cikin takunkumi don hanyar ta zauna a buɗe. Wani likita a birnin Sidni na Ostareliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a 1981, kuma har yau ita ce kan gaba.

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan uwa, na'urar nan akwai takura. Makonnin farko cikin dare yake fizge takunkumin ya yar. Shi ya sa da labari ya bazu cewa an samu magani, 'yan uwa da abokan arziki suka yi ta turo mana saƙo, kowa na cewa wahala ta ƙare.

Labarin gaskiya ne, amma rabinsa aka turo mana. Ranar 20 ga Disamba 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tirzepatide, wanda kamfanin Eli Lilly ke sayarwa da sunan Zepbound, a matsayin maganin farko na wannan lalura. Allura ce sau ɗaya a mako, kuma an amince da ita ne ga manya masu ƙiba waɗanda lalurarsu ta kai matsakaici ko mai tsanani. An gwada ta a kan mutum 469 na tsawon mako 52. Yawan ɗaukewar numfashin ya ragu da kusan sau 25 zuwa 29 a awa, nauyin jiki kuma ya sauka da kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari. Wallahi na yi murna da wannan. Sai dai mutanen sun fara ne daga wajen sau 50 a awa, kuma kimanin rabinsu, ko ƙasa da haka kaɗan, su ne suka kai matakin da za a ce lalurar ta lafa. Sauran rabin fa? Har yanzu numfashinsu na ɗaukewa.

Allurar tana rage sha'awar abinci ne, kitsen da ke danne wuya da harshe ya ragu a hankali, cikin watanni. Wanda ba shi da ƙiba, matsalarsa daga ƙirar muƙamuƙi ce ko wani abu daban, ba da shi ake ba. Ga tashin zuciya, amai, gudawa ko cushewar ciki da take iya kawowa, kuma ba a yi wa wanda ke da tarihin wani nau'in kansar tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya), shi ko danginsa. Idan aka daina, ƙibar takan dawo.

Akwai kuma ƙwayoyi irin su modafinil da solriamfetol da ake ba wanda gyangyaɗin rana bai sake shi ba duk da yana amfani da na'ura. Ido kawai suke buɗewa, ba sa taɓa maƙogwaro. Wata ƙwaya mai suna AD109 da aka yi gwajinta, ita ce ke ƙoƙarin hana tsokokin saki kai tsaye, kuma ina bin labarinta da fatan alheri.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayar barci. Mutum na tashi a gajiye kullum, sai ya ɗauka barcinsa ne bai yi nauyi ba, ya nemi diazepam ko makamancinta. Alhali wannan zaburar da ke katse masa barci ita ce ke dawo masa da numfashi. Irin waɗannan ƙwayoyi, da giya, da magungunan ciwo masu ƙarfi kamar kodin da tiramadol, suna ƙara sakin tsoka ko su danne numfashin, shirun ya ƙara tsawo. Maigidana ya taɓa sha kafin mu san abin da ke damunsa, kuma duk ranar da na tuna sai gabana ya faɗi. Lalurar da aka bari ba magani tana tafe da hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, da hatsarin mota saboda gyangyaɗi a kan sitiyari.

Mun yi maganar allurar da likitansa, kuma yana cikin waɗanda za ta iya amfana. Ko ya fara, na'urar na nan a gefen gado ana kunna ta kowane dare, har sai an sake gwajin barci an ga lambar ta sauka. Na ce masa ranar da likita ya ce a cire ta, ni da hannuna zan naɗe wayar.