Ta dawo gida, amma wa ya nemi gafararta?

Akwai wani irin fim da kusan kowa ya taɓa kallo: mace ta bar gida da ɓacin rai, ta yi shekaru a wani gari, sai a aiko mata cewa mahaifinta na kwance rai a hannun Allah. Ta ɗauko jaka ta dawo. Har nan ba ni da ja. Inda nake rabuwa da masu shirya irin wannan fim shi ne minti biyar na ƙarshe.

Marubuta fim kan lissafa shafi ɗaya na rubutu a matsayin kusan minti ɗaya a allo, wato fim mai minti 100 kusan shafi 100 ne. Mafi yawansu kan tafi wajen nuna mana abin da ya kore ta: baƙar maganar da aka yaɓa mata, da shirun da 'yan'uwa suka yi ranar da take neman mai tsaya mata. Sannan a warware duk wannan a shafi uku. Ta durƙusa a bakin gado, tsoho ya riƙe hannunta, kiɗa mai taushi ya tashi, kyamara ta matso kan hawayenta, sunaye su fara hawa.

Ku lura da wanda ya ce "a yafe mini". Sau da yawa ita ce. Shi kuwa mai laifin, ciwo ya rufe masa baki, kuma babu mai kallon da zai tuhumi mutumin da ke gargarar mutuwa. Dabara ce ta kauce wa magana mai nauyi, kuma tana ci mini rai, domin cikin masu kallo akwai matan da labarin nasu ne. Ana gaya musu a fakaice cewa tafiyar da suka yi ita ce laifin.

Ba na ƙin sulhu, ni ma nakan share ƙwalla idan uwa da 'ya suka rungumi juna. Abin da nake nema zama ɗaya ne, inda wani a gidan zai buɗe baki ya faɗi abin da aka yi mata ba tare da kwana-kwana ba, yana da ƙoshin lafiyarsa. Bayan nan, ko ta kwance kaya ta zauna, ko ta kwana biyu ta koma inda ta kafa rayuwarta, duk zan karɓa. Darakta ma na iya tsayar da kyamara a kanta tana zaune a tsohon ɗakinta, jakar na gefe ba ta buɗe ba tukuna, ya kashe kiɗan ya bar mu da ita.