Na Karanta Ilimin Duwatsu, Yau An Ce In Je In Fasa Tsakuwa

Tun ranar Talata zuciyata ke tafasa, in ban amayar da abin nan ba barci ba zai ɗauke ni ba.

Wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse na je neman aiki, abokin babana ne ya haɗa ni da mai wurin. Na goge kaya, na sa takardar digirina ta jiyoloji da shaidar bautar ƙasa a ambulan, na isa ƙarfe 9 na safe. Sai da aka kusa kiran azahar aka ce in shiga. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Ga kujeru biyu babu kowa a kai, bai ce in zauna ba.

"Kai ne yaron da aka ce ya karanta dutse?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Duwatsu da ma'adinai da ruwan ƙarƙashin ƙasa."

Ya karɓi ambulan ɗin, ko buɗewa bai yi ba, ya ajiye a tebur ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ina tsaye ina kallon gindin kofin yana jiƙa takarda.

"To me za ka yi mini?"

Na haɗiye ɓacin raina na yi masa bayani a tsanake. Na ce, Alhaji, ƙasa irin ta Kano da Kaduna a kan dutse take zaune, ruwa kuwa a tsagar dutse da inda ya ruɓe yake taruwa. Kafin a kafa inji akan auna wurin da na'ura mai tura lantarki cikin ƙasa, ta nuna inda tsagar take da zurfinta. Taku ashirin kacal kan raba rijiya mai ruwa da busasshiya.

Sai ya fashe da dariya, har ya ƙwala wa direbansa kira. "Zo ka ji, wai na'ura ce za ta koya mini inda ruwa yake!" Ya juyo gare ni. "Samari, shekara ashirin ina haƙa. In na huda babu ruwa, mai gida ya sake biya in matsa gaba in huda. Asarar wa?" Ban ce uffan ba. Ya ɗage kofin, ya turo mini ambulan da bayan hannu. "In dutse kake so, ga masu fasa tsakuwa can bayan gari. Ai an ce har guduma ake ba ku a makaranta, ko?"

Wallahi ban san lokacin da na kai bakin titi ba.

Gudumar nan da yake wa ba'a, da ita na hau duwatsu cikin rana, da kamfas da taswira, muna kwana a azuzuwan firamare a ƙauyuka, da kuɗin da mahaifiyata ta tara daga adashe. Ranar da muka shiga sashen an lissafa mana inda za mu yi aiki: kamfanonin mai, masana'antun siminti, hukumomin ruwa, ma'aikatar ma'adinai. Yau shekara 6 da gama bautar ƙasa. Kamfanin mai ya ce sai mai ƙwarewar shekara 5, kuma kada shekarunka su haura kaza. A ina zan samo ƙwarewar in babu wanda ya ɗauke ni? Aikin gwamnati kuwa kowa ya sani, kafin ka ji labari an gama rabawa 'ya'yan wane da wane. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinmu POS yake yi a bakin kasuwa. Wani yana jan adaidaita sahu.

Amma me zan ce wa Alhajin, tunda gwamnati ce ta fara raina mu? Tun 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa a Najeriya. Kuzar Jos ta ciyar da ƙasar nan kafin a san fetur, da mai ya zo aka watsar da ita, aka bar mutane da ramuka. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun 1979 ake gininta, ga tama jibge a Itakpe, har yau ana ta alkawari. Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, an yi gagarumin bikin fara haƙar mai a Nuwamban 2022, muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Mu nawa aka kira?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Zamfara. A 2010 yara sama da 400 suka mutu da gubar dalma a yankin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙura tana sauka inda yara ke rarrafe. Gwajin samfurin dutse da ƙasa a ɗakin gwaji shi ke nuna akwai dalma, kuma wannan aikin shi aka koya mana. Sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa, likitocin ƙasashen waje suka gano musabbabin. A 2015 abin ya sake faruwa a jihar Neja. Ga masu ilimin suna zaune a gida, ga yara suna mutuwa! Su kuma waɗanda suka samu aikin, an ga yadda aka tura ma'aikatan Jami'ar Maiduguri neman mai a 2017, aka yi musu kwanton ɓauna a yankin Magumeri, wasu aka kashe, wasu aka sace.

Yanzu kowa bakinsa lithiyam, ma'adinin da ake haɗa batir da shi, ana ta lodin duwatsun Nasarawa a manyan motoci, 'yan ƙasa su ne masu diga da shebur, ribar tana tafiya inda take tafiya.

Ku kuma jama'a, ba ku da ta cewa. Mutum zai kashe miliyoyi a haƙa rijiya, amma ɗan kuɗin auna ƙasa ne yake gani asara. A unguwarmu sau biyu aka huda wa masallaci rijiya da kuɗin karo-karo, duka biyun babu ko ɗigo. Na je da kaina na ce zan ari na'ura in auna musu kyauta, aka ce mai injin ya fi ni sani. Har gobe daga hannun 'yan garuwa muke sayen ruwan alwala.