Takardun marigayi farfesa da kaset-kaset ɗinsa, a hannun wa suke yanzu?

Wani labari da na karanta ya yabi wani marigayi farfesa da cewa ya ƙarar da rayuwarsa wajen bin salsalar gidaje, Allah ya jiƙansa, amma bai nuna nauyin aikin ba. Wani mai sharhi a kan labarin ya ce ai aikin tambayar tsofaffi ne kawai, amma ba haka ba ne. Salsalar baka takan haɗiye sunaye: idan Muhammadu uku suka jeru a gida ɗaya, jikoki sai su mayar da su mutum guda, dole sai an bi laƙabi da sana'a kafin a rarrabe su. Ma'aunin masana shi ne shekara 25 zuwa 30 tsakanin uba da ɗa, don haka duk wanda ya kawo kakanni huɗu kacal daga jihadin 1804 zuwa yau, an tsallake wasu. Tsoho ba ya riƙe shekarar haihuwa, sai a ɗaura ta da abin da ya faru, kamar shigar Turawa Kano a 1903 ko yunwar 1914, sannan a gwada da takardun gado na kotun alƙali da rahotannin gundumomi da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Sunayen mata sun fi wuya, alkunya ta binne da yawa. Damuwata ita ce kada gara da danshin damina su ɓata takardun da farfesan ya bari, kaset ɗin muryoyi kuma lalacewa yake yi a ajiye. Jami'arsa ta ɗauki hoton takardun ta juye muryoyin a kwamfuta, ko an bar wa iyalinsa su a kwali?