Malam Maigida, Yaron Nan Fa Naka Ne

Assalamu alaikum. Yau da ku nake, 'yan'uwana matasan magidanta na Bauchi, mu da 'ya'yanmu ba su wuce firamare ba. Mata sun sha nasiha har ta ishe su, yau a bar su su huta.

Ka leƙa sashen yara na kowane babban asibiti ranar ganin likita, ka dubi masu riƙe da yaran da ba sa magana, ko waɗanda wuyansu bai tsaya ba. Uwa ce, ko kaka, ko ƙanwar uwa. Uban yana kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, ya ba da kuɗin keke, a ganinsa ya sauke nauyi. Da dare kuma yana majalisa, ana lissafin 'ya'ya, ya ambaci kowa ya tsallake ɗaya. Wannan tsallakewar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Lalurorin nan iri-iri ne, ko da yake mun saba haɗa su a kwando ɗaya mu ce yaro ba shi da lafiya. Akwai galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Yaro ne da za ka kira sunansa bai waiwayo ba alhali kunnensa ƙalau, ba ya son haɗa ido, ba ya nuna maka abu da yatsa don ku gani tare, yana iya wuni yana jera murafen kwalba ko yana kaɗa hannu, in aka sauya masa kofin da ya saba shan koko a ciki gidan ya hargitse. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a rubuce a 1943, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. An fi gano ta a maza. Akwai kuma ADHD, matsalar rashin nutsuwa da ƙiriniyar da ta wuce ta yarinta, wadda ke shafar kusan yara 5 cikin 100: yaro ba ya iya zama, ba ya jiran layi, ka aike shi sayen magi ya dawo da ashana, ko ya manta da aiken ya bi 'yan ƙwallo. Sannan ga shanyewar ƙwaƙwalwa, mai hana yaro sarrafa gaɓoɓinsa, wadda a wajenmu sau da yawa doguwar naƙuda ce ke jawo ta, ko shawarar jarirai da aka tsaya ana shanya yaro a rana ana ba shi jiƙo, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauron da ya haye kai. Kowacce da hanyar kula da ita, shi ya sa sanin wacce ce yake da amfani.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shekarun da muke ɓatawa. Uwa ce ke fara lura, tun yaro bai cika shekara biyu ba. Ta faɗa maka, ka ce nawa ce, ai wane ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana. Hajiya ta ce a bar shi, kowa da lokacinsa. Gaskiya ne wasu yaran nawar baki kawai gare su. Amma yaron da ya kai wata 12 ba ya waiwayen sunansa, ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya kuma ba ya nuni da yatsa, ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalmomi biyu, ko kuma ya fara cewa Mama da Baba sai ya daina, wannan a kai shi a duba. Abin da za a fara gwadawa ma kunne ne, domin yaro da yawa da aka yanke wa hukuncin taɓin hankali ji ne kawai ba ya yi. A shekarun farkon nan ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. Mu kuwa a cikinsu muke yawo: yau gidan mai hayaƙi a Ningi, gobe an kwatanta wani a Azare, jibi a yanka baƙin bunsuru. Sai yaro ya shekara bakwai, aljihu ya ƙone, sannan a tuna da asibiti.

Ban ce a bar addu'a ba, wa ya isa? Ka tofa wa ɗanka da bakinka safe da yamma, ka roƙa masa a sujada. Amma Annabi (SAW) da ya koya mana addu'a shi ne ya ce mu nemi magani. Wanda zai tsula wa yaro ɗan shekara huɗu bulala wai aljani yake duka, ko ya turnuƙe shi da hayaƙin barkono a ɗaki, wannan azzalumi ne ko da rawaninsa ya kai girman faifai. Ba mu manta da abin da aka gani a 2019 ba, lokacin da aka buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, aka fito da mutane da yara da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne da 'yan'uwa suka kai su da hannunsu. Batun ɗan ruwa kuwa, a ce yaro ba mutum ba ne a kai shi bakin kogi, wannan kisan kai ne, ba shi da wani suna.

Sai ɗora laifi. Da an tabbatar da lalurar, sai ka ji namiji ya ce ai a danginsu babu irin wannan, daga wajen matar ne. Dangin miji su kama: ta fita da magariba da ciki, ta yi wanka a rafi, ta tsallake wani abu. Ƙarshenta a yi mata kishiya don a samu lafiyayyu, ko a ba ta takarda ta tafi da yaron gidansu. Malam, ka ji tsoron Allah. Binciken likitoci ya nuna gado yana da babban hannu a galahanga da ADHD, kuma gadon ta ɓangarorin biyu yake zuwa. Yawancin mu in muka duba da kyau za mu tuna da wani kawu da ba ya shiga mutane, ko mu kanmu da malaman firamare suka gaji da dukanmu saboda rashin zama. Haka nan masu cewa allurar rigakafi ce. Wannan magana daga wani rahoto ta samo asali da aka buga a Ingila a 1998, aka gano ha'inci a cikinsa, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagoranci rubuta shi. Mu da muka ga abin da ƙin rigakafin shan inna na 2003 ya bar mana a titunanmu, bai kamata a sake yaudararmu ba.

To me ake so ka yi? Na farko ka tafi asibitin da ƙafarka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana nan cikin gari, na Katagum ga babban asibitin tarayya na Azare, wanda ya fi kusa da Gombe ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a can. Ka nemi likitan yara, shi zai tura ku inda ya dace, ko gashin ƙashi, ko gwajin ji, ko likitan ƙwaƙwalwa. Ka ɗauki bidiyon abin da yaron yake yi a waya ka nuna masa, don a gaban likita ba lallai ya yi ba. Kuma ka sani babu ƙwaya ko garin da ke warkar da galahanga, duk mai tallar haka a Facebook ko a lasifikar mota kuɗinka yake so. ADHD tana da magani mai taimakawa, farfaɗiyar da kan haɗu da wasu yaran ita ma tana da nata, amma likita ke rubutawa. Kada ka kuskura ka je kemis ka sayo maganin barci don gida ya yi shiru.

Babban aikin a gida yake, kuma ba kuɗi yake ci ba, lokacinka yake ci. Yaran nan suna samun nutsuwa in rana tana tafiya a tsari ɗaya: tashi, wanka, karin kumallo, barci, kowanne a lokacinsa. In za ka ba da umarni, durƙusa daidai tsayinsa, kira sunansa, faɗi abu ɗaya gajere. "Ɗauko takalmi." Ya ɗauko, ka yaba masa nan take, sannan ka faɗi na biyu. Wanda ba ya magana a koya masa nuni da hoto ko da hannu: kofi, buta, abinci. Yawancin ihu da birgimar da muke kira iskanci, yaro ne yake son wani abu ya rasa yadda zai faɗa, ko ƙarar janareta da kiɗan biki ke huda masa kai fiye da yadda kake zato. Duka ba ya koya masa komai sai tsoronka. Mai ƙiriniyar kuma a ba shi inda zai ƙone ƙarfinsa, ka tafi da shi gona ko filin ƙwallo, karatunsa a yanka shi gajere-gajere. Ka je ka zauna da malamin boko da na Islamiyya ka yi musu bayani da kanka, a zaunar da shi gaba, a rage masa bulala. Maganar uba a makaranta tana da nauyin da ta uwa ba ta samu, haka al'adarmu take, sai ka yi amfani da shi.

Wasu daga cikinsu suna sulalewa su fice ba a sani ba, kuma ruwa yana jan hankalinsu. Rufe rijiya, kula da kududdufin bayan gida da damina. Ka sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi halin da yake ciki, ka rubuta lambar wayarka a jikin rigarsa. Ɓoye shi a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi shi ke sa ranar da ya ɓace ba wanda ya san fuskarsa. In mace ce kuwa, ka ninka sa ido, domin mugaye sun san ba za ta iya faɗin wanda ya taɓa ta ba. Irin wannan yaro kuma ba na turawa almajiranci wani gari ba ne, ba na ba wa wata ta riƙa bara da shi a bakin masallacin Juma'a ba ne.

Ka riƙe hannunsa ku je masallaci, ko zai yi surutu, ka tsaya da shi a gefen sahu. Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai taɓin hankali ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata, sai ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama faɗin buƙatarta. Doka ma tana tare da kai: a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. Aiki da ita dai yana tafiyar hawainiya, amma uban da ya san da ita ba a korar ɗansa daga aji cikin sauƙi.

Uwar yaron ma mutum ce. Akwai wadda ta shekara ba ta yi barcin kirki ba, ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna saboda bakin mutane. Ka karɓe ta ko da yammacin Juma'a ne ta je ta gaida iyayenta. Kada kuma a mayar da babbar yayarsa 'yar raino har a cire ta daga makaranta.

Saura maganar da ba ma son yi: bayan ranka wa zai riƙe shi? Rabonsa na gado cikakke ne kamar na sauran, lalura ba ta rage masa ko kwabo, kuma an sha ganin 'yan'uwa sun cinye da sunan riƙo. Tun kana da ƙarfinka ka koya masa abin da zai iya, wanka, sa kaya, kiwon kaji, jera kaya a shago. Ka zauna da 'yan'uwanka a fitar da wanda zai zama waliyyinsa, a rubuta, a sa shaidu biyu, uwarsa ta riƙe kwafi ɗaya.