Na'ura ta ƙi gane fuskar Baffa, hayaƙin injinsa kuma ba wanda ya taɓa aunawa

Jama'a ku yi haƙuri rubutun nan zai ɗan yi tsawo, abin ya kwana biyu yana ci na a rai.

Ran Laraba na raka Baffana cikin gari daga nan ƙauyenmu na gefen Auyo, za a tantance shi a wani ofishi. Dattijo ne, ya haura saba'in, tun yana yaro yake riƙe da fartanya. Aka ce ya dangwala yatsa, na'ura ta ƙi. Yaron da ke aikin, mai ladabi ne wallahi, ya ce Baba ɗan goga yatsan a goshi ko zai yi laushi, ya goga, aka gwada babban yatsa, aka gwada manuni, dama da hagu, shiru, domin hannun manomi duk kanta ce da faso, zanen yatsan ya shafe tun tuni. Sai aka koma fuska. Baba cire hula, ya cire. Baba ɗaga kai, ƙifta ido, matso, ja baya. Ɗakin ga duhu don ba wuta, ƙaramin janareta ne a bakin taga yana ta turo mana hayaƙi ciki har idona na yaji. Aka fita da shi waje, rana ta bayansa, fuskar ta fito baƙi ƙirin a allon. Daga ƙarshe Baffa ya dubi yaron ya ce masa, yaro ni ne fa, da wannan fuskar nake yawo tun kafin a haifi babanka. Muka dawo gida ba a yi ba, ga kuɗin mota, ga yinin aiki ya tafi, kuma shinkafarsa na jiran ruwa.

Ni ban ga laifin yaron nan ba ko kaɗan. Abin da aka ba shi da shi yake aiki. Tambayata ita ce, shin wanda ya ƙera abin nan ya taɓa gwada shi a kan fuska irin ta Baffa, a ɗaki irin wancan?

Ƙanina yana ajin ƙarshe yana karanta injiniya, da shi muka zauna daren nan ya yi min bayani har na gane. Kwamfuta ba ta ganin mutum, lambobi take gani. Kun san yadda Bafulatani ke gane saniyarsa a tsakiyar karar Maigatari ran Alhamis, ko da ta rame ko ta juya masa baya, lanƙwasar ƙaho, tabon da ke wuya, tsagar kunne, to kusan haka ne. Wani malami a Kanada mai suna David Lowe ya fito da wata hanya a 1999 wadda kwamfuta ke tsince irin waɗannan alamomin a hoto, kusurwa, ɗigo, inda haske ya haɗu da duhu, sai ta neme su a wani hoton ko an karkata shi ko an ɗauka daga nesa. Irin dabarar nan ce ke sa waya ta ɗinke hotuna da yawa su zama dogo guda. Na fuska kuma yanzu ya wuce nan, nuna wa manhaja ake yi miliyoyin fuskoki har ta koya da kanta, wata da Google suka fitar a 2015 takan mayar da kowace fuska lambobi 128, in lambobin hoton yau sun yi kusa da na hoton da aka ajiye sai ta ce kai ne, in sun yi nisa ta ce ba ta san ka ba. To ka ga duk abin ya rataya ne a kan fuskokin da aka koya mata da su. Ɗan da ya tashi bai taɓa ganin mai bille ko zanen Barebari ko dattijo da rawani ba, yaya za a yi ya bambance su da kyau?

Kuma wannan ba zato na ba ne, an auna. A 2018 wata 'yar asalin Ghana, Joy Buolamwini, da ke jami'ar MIT a Amurka, tare da Timnit Gebru haifaffiyar Habasha, suka tara hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda da Senegal da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai uku, suka ba manhajojin manyan kamfanoni uku su faɗi namiji ne ko mace. A kan fararen maza kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari ba, a kan mata masu duhun fata ya kai har 34.7. Dubi tazarar nan don Allah. A ƙarshen 2019 kuma hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka ta gwada manhajoji 189, ta tarar da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskar ta mutanen Afirka ta Yamma ce ko ta Gabas ko ta gabashin Asiya, a wasu ninki goma, a wasu har ninki ɗari, kuma tsofaffi da yara abin ya fi shafa. Amma abin da ya fi tsaya min a rai a binciken nan shi ne wasu manhajojin da aka ƙera a Sin ba su da wannan matsalar a kan fuskokin mutanensu. Wato wanda ya koyar da abin da mutanensa, mutanensa zai fi ganewa. 'Yan sandan birnin Detroit na Amurka ma sun taɓa kama wani baƙar fata, Robert Williams, a gaban iyalinsa a watan Janairun 2020 saboda na'ura ta ce shi ne ɓarawon agogo, alhali ba shi ba ne.

Kar wani ya ce ina ƙin fasahar ne. A'a. Hannun da ya sha noma ba ya dangwaluwa, fuska ce mafitarsa, ko a zaɓen 2023 na'urar BVAS da yatsa da fuska take tantancewa. Kuma bayan rahoton matan can biyu kamfanonin sun koma sun gyara, kuskuren ya ragu sosai. Ashe abin na gyaruwa in an samu mai aunawa ya fito da lamba a fili.

Yanzu bari in dawo kan hayaƙin nan na bakin taga, don ni a wurina magana ɗaya ce.

Akwai abin da ya faru da kamfanin Volkswagen da ya kamata kowane ɗalibin injiniya a ƙasar nan ya haddace. Motocinsu masu shan dizal in an kai su ɗakin gwaji tsaf suke fita, hayaƙi daidai doka. Sai wasu 'yan tsirarun masu bincike a jami'ar West Virginia, har da ɗalibai a cikinsu, suka ɗaura na'urar auna hayaƙi a bayan mota suka hau titi da ita kamar yadda kowa ke tuƙi, suka fitar da rahoto a 2014. Lambobin suka ƙi haɗuwa da na ɗakin gwaji sam. Ashe an saka wa motar manhaja ce da ke gane lokacin da ake gwada ta, misali taya na juyawa amma sitiyari bai motsi, sai ta natsu ta rage guba, da ta hau titi ta sake. A watan Satumbar 2015 asiri ya tonu, wata gubar da ke ƙona huhu tana kai har ninki 40 na abin da doka ta yarda, motoci kusan miliyan 11 a duniya. Abin da ya tona shi kawai fita waje aka yi aka auna a inda ake amfani da abin.

To mu wa ya fito ya auna namu? Ku zo fadamarmu da asuba lokacin rani ku gani. Injinan ban ruwa jere a bakin kogi, kowanne na kuka, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa saboda sanyi bai bari ya tashi. Ɗan Baffa ɗan shekara sha huɗu shi ke tsugunawa yana riƙe da tiyo kar ya zame, fuskarsa ba ta fi taku ɗaya daga salansa ba, awa uku awa huɗu, in ya dawo ya ce kansa na sarawa sai a ce rana ce ko shawara, a jiƙa masa magani. Haka mai injin niƙa a ɗan ɗakinsa mara taga, haka mai cajin waya da janareta a ƙofar shago, haka ɗan acaɓa a bayan tsohuwar tifa.

Bakanikenmu na nan ya san abubuwa da ido. Zai ce maka in hayaƙi baƙi ne mai ya fi iska yawa, a duba kafireto da matatar iska, in shuɗi ne baƙin mai injin ke sha, zoben fistin ya cinye. Gaskiya ya faɗa, kuma karatu ma haka ya ce, kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kusan kilo 14.7 kafin ya ƙone tas, to da ƙurar hunturu ta toshe matata iskar ta ragu, mai ya tafi a banza, guba ta ƙaru. Amma wadda ta fi kisa ido bai ganinta, hanci bai jinta. Kabon monoksaid ba launi ba wari, tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sama da ninki 200, mutum ya ji jiri da kasala ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Sau nawa muka ji an wayi gari da iyali guda a ɗaki saboda an shigar da janareta ciki gudun ɓarayi ko ruwan sama? Innalillahi. Hayaƙin dizal kuwa tun 2012 sashen binciken daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa shi a jerin abubuwan da tabbas suna jawo dajin huhu.

Sannan ga ta'adar nan ta cire abin da makanikai ke kira indomi daga salansar mota a sayar. Mutane da yawa ba su san aikinsa ba, wasu ƙarafa ne masu tsada a ciki irin su filatinam, su ke juya gubar ta zama mai sauƙi kafin ta fito. An karɓi 'yan kuɗi yau, motar kuma ta yi shekara goma tana fesa wa 'yan talla a bakin tasha. Ƙananan injinanmu na gona da janareta kuwa dama ba su da shi tun daga masana'anta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 manoma da yawa a nan sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki, da kansu da makanikan ƙauye, an canja kafireto an jona tukunya. Wannan ai bincike ne a ajiye yana jiran mai ɗauka. Wanne ya fi fitar da guba, na fetur ko na gas? Nawa ake ƙonawa a shayar da kadada guda? Injin zai kai shekara nawa? Ina ya kamata yaro ya tsaya in iska na kaɗowa daga gabas? Manomi zai saurari wannan amsar don aljihunsa da lafiyar ɗansa ne a ciki.

Shi ya sa nake roƙon ƙannenmu da ke BUK da jami'o'in Wudil da Dutse da Kafin Hausa da kwalejin fasaha ta Haɗeja, da malamansu da nake girmamawa, don Allah in za a zaɓi aikin kammala karatu a waiwayo gida. Na faɗa wa ƙanina, kai Auwalu, kar ka sauko da hotunan Turawa daga intanet ka gwada manhaja a kansu ka ce ta ci kashi casa'in da tara, wannan an riga an yi. Ka je wurin mai gari ka nemi izini, ka yi wa mutane bayani da Hausa me za a yi da hotonsu da inda za a ajiye shi, wanda bai yarda ba ka ƙyale shi, domin fuskar mutum amana ce, musamman ta iyayenmu mata. Ka ɗauki dattijo da hula da ba hula, da hantsi da la'asar, cikin hazo da cikin ɗaki mai duhu, ka ga a ina take faɗuwa. Wataƙila ma ka tarar rabin matsalar haske ce, fitila ɗaya mai caji da farin ƙyalle a bango su warware ta, to ka rubuta hakan, wannan ma sakamako ne, kuma da yaron ofishin can ya sani da ba mu dawo hannu rabbana ba.

Ran Litinin in Allah Ya kai mu zan sake kai Baffa, wannan karon da sassafe, zan roƙi a tsayar da shi yana fuskantar haske. Duk ɗalibin da ke da na'urar auna hayaƙi kuma yake neman inda zai gwada, Baffa na da inji biyu a fadama, ɗaya na fetur ɗaya an juya shi gas, na tambaye shi jiya bayan isha'i ya ce a zo, wurin kwana da tuwo a kansa.