Kafin ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki

An kira ka aiki a wuri mai albashi mai tsoka, amma akwai abin da kamfanin yake yi wanda zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. Da zarar ka nemi shawara, wasu za su ce ka karɓa, ai ba kai ka kafa kamfanin ba. Wasu kuma su ce ko kallon wurin kada ka yi. A ganina duka ɓangarorin sun yi garaje.

Abin da kamfani ya rubuta a shafinsa da sunan manufofinsa bai cika damuna ba, domin kowa daɗin baki yake rubutawa. Kamfanin Enron na Amurka, wanda ya durƙushe a 2001 saboda maguɗin lissafi, riƙon amana na cikin ginshiƙai huɗu da yake tutiya da su. Ni abu biyu nake dubawa: ta ina kuɗin ke shigowa, kuma me za a sa hannunka ya aikata idan ka zauna a kujerar.

Idan mai kamfanin ne ke goyon bayan jam'iyyar da ba ka so, ko addininku ya bambanta, kai kuma aikinka lissafin albashi ne ko gyaran kwamfuta, wannan saɓani ne da ake iya zama da shi. Mai jiran wurin da kowa zai yarda da duk abin da ya yarda da shi zai tsufa bai kama aiki ba. Amma idan kai za a tura ka ɓoye wa mai neman rance ainihin kuɗin ruwan da zai biya, ko ka tallata caca alhali ka yi imani haramun ce, to magana ta canza. Da bakinka za a yi ƙaryar, kuma kullum.

Nasan za a kawo mini misalin Frédéric Kanouté, Musulmi ɗan ƙwallon Mali. A 2006, yana ƙungiyar Sevilla ta Sifaniya, ya lulluɓe tambarin kamfanin caca na 888.com da ke rigarsa, kuma ƙungiyar ta lallaɓa shi. Ta lallaɓa shi ne saboda yana zura ƙwallaye. Sabon ma'aikacin da bai cika wata uku ba, wa zai lallaɓa? Ɗan ƙarfin da kake da shi yana tsakanin ranar da suka ce kai suke so da ranar da ka sa hannu. Tun ran gini ran zane.

Sai masu cewa za su shiga su gyara daga ciki. Ba na musun hakan na faruwa. A 2018 ma'aikatan Google fiye da 3,000 sun sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa da Project Maven, aikin da kamfanin ke yi wa ma'aikatar tsaron Amurka na tantance hotunan jirage marasa matuƙa, kuma kamfanin ya fasa sabunta kwangilar. To amma a bi labarin zuwa gaba. A Afrilun 2024 kamfanin ya kori ma'aikata 28 a tashin farko saboda zaman dirshan da aka yi kan kwangilar Nimbus da gwamnatin Isra'ila. A farkon 2025 kuma ya cire alƙawarin da ya yi na cewa ba zai sa fasaharsa ta ƙirƙirarriyar basira a harkar makamai ba. Waɗannan injiniyoyi ne da ake rububinsu, dubbai a tare. Kai kaɗai, sabon shiga, yawanci wurin ne zai gyara ka, a hankali, har ka daina jin abin da ke damunka a farko.

Kada kuma ka dogara da kotu sosai. Samantha Elauf tana da shekara 17 a 2008 lokacin da kamfanin sayar da tufafi na Amurka Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. Ta yi nasara a Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 8 da 1, amma sai a 2015. A Turai kuwa, kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2017 cewa kamfani na iya hana sa alamun addini idan dokar ta hau kan kowa. Kariyar da za ka samu ta danganta da ƙasar da kake.

Wani abu da ke ba ni haushi shi ne yadda mai ƙoshi ke saurin yanke wa mai iyali hukunci. Wanda ya shekara biyu yana yawo da takardu, ga haya ga kuɗin makaranta, idan ya karɓi aikin da bai gamsu da shi ba yana laluben wani, ba zan zage shi ba. Abin da nake roƙonsa kawai, ya faɗa wa kansa gaskiya cewa lalura ce, kada ya mayar da ita hujja.

Idan kana da zaɓi, ka yi tambaya a ranar ganawa ko bayan sun ba ka takarda, cikin ladabi, ba wa'azi: su wane ne manyan abokan cinikinku? Idan aka ba ni aiki kaza na nemi a sauya mini, yaya kuke yi? Ka lura da fuskokinsu, ka kuma nemi wanda ya bar wurin ka ji dalilinsa. Idan suka amince da sharaɗinka, ka nemi a rubuta shi a takardar, domin manajan da ya yi maka alƙawari da baki yana iya barin wurin kafin ka cika shekara.