Buffon bai ɗaga kofin Zakarun Turai ba, amma ku duba abin da ya hana shi

Duk lokacin da musu ya kaure a gidan kallo kan wane ne gola mafi girma a zamaninmu, da zarar an ambaci Gianluigi Buffon sai ka ji wani ya yi farat ya ce, "Ai bai taɓa cin kofin Zakarun Turai ba." Shi ke nan, wai an kashe bakin magana. Casillas yana da uku, Neuer yana da biyu, Buffon ko ɗaya babu. Ba ƙarya suka faɗa ba. Sai dai wannan awon ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Keylor Navas ma yana da uku, a jere kuwa, kuma ban taɓa jin mai kallon ƙwallo na haƙiƙa ya ɗora shi a kan Buffon ba.

Yaron da aka haifa a Carrara ranar 28 ga Janairu 1978, garin da ake fasa farin dutse a Italiya, bai fara ƙwallo a raga ba. Ɗan wasan tsakiya ne. Gidansu gidan wasanni ne, uwa da uba duk sun yi wasan jifa, yayyensa mata biyu kuma 'yan ƙwallon raga ne. Abin da ya juya masa tunani shi ne gasar Kofin Duniya ta 1990 da aka yi a ƙasarsu, inda Kamaru ta doke Ajantina mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasa. Golan Kamaru, Thomas N'Kono, shi ya tafi da imanin yaron. Daga nan ya koma tsaron gida, kuma da ya girma ya sa wa ɗansa na fari suna Louis Thomas don girmama shi. 'Yan'uwanmu na Garoua da Maroua suna da abin tinƙaho a nan: golan da Turai ke alfahari da shi, ɗan ƙasarsu ne ya nuna masa hanya.

Ranar 19 ga Nuwamba 1995 kocin Parma Nevio Scala ya jefa shi cikin wasan Parma da AC Milan yana ɗan shekara 17. A gabansa ga George Weah, wanda ya lashe Ballon d'Or a shekarar, ga kuma Roberto Baggio. Aka tashi babu ci. Shekara biyu bayan haka, a Mosko, cikin dusar ƙanƙara, golan Italiya Pagliuca ya ji rauni a wasan neman gurbin Kofin Duniya da Rasha, aka ce Buffon ya shiga. Wasan farko ke nan cikin 176 da ya buga wa Italiya. A 1999 ya ci kofin UEFA da kofin ƙalubale na Italiya tare da su Cannavaro da Thuram da Crespo, a 2001 kuma Juventus ta saye shi a kan kusan yuro miliyan 52. Shekara 17 aka yi ba a sayi wani gola da ya haura wannan kuɗi ba, sai da Liverpool ta ɗauko Alisson a 2018.

Duk wannan sharar fage ne. Maganata tana kan bazarar 2006.

A gasar Jamus wasa 7 ya tsare, ƙwallo 2 kacal suka shiga ragarsa. Ɗaya ɗan bayansa Zaccardo ne ya ci gida a wasansu da Amurka, ɗayar kuma fanaretin Zidane ce a wasan ƙarshe. Wato babu wani abokin hamayya da ya ci shi ana tsaka da wasa daga farkon gasa har ƙarshenta. Mutane sun fi tuna gwaren da Zidane ya yi wa Materazzi, amma 'yan mintoci kafin nan akwai wata ƙwallo da Sagnol ya bugo, Zidane ya tashi ya sa mata kai da dukkan ƙarfinsa, Buffon ya miƙa hannun dama ya ture ta sama da turke. Da ta shiga, da tarihin daren Berlin ya canza gaba ɗaya. Ranar 9 ga Yuli ya ɗaga Kofin Duniya yana da shekara 28, ganiyar ƙarfin mai tsaron gida. A ƙarshen shekarar ya zo na biyu a Ballon d'Or, bayan Cannavaro.

Ranar 9 ga Satumba, wata biyu cif, yana tsaye a ragar wani ɗan ƙaramin fili a garin Rimini, yana buga gasar rukuni na biyu. Aka tashi 1-1.

Abin da ya faru shi ne badaƙalar Calciopoli. An kama shugabannin wasu ƙungiyoyi, musamman Luciano Moggi na Juventus, da laifin katsalandan wajen zaɓen alƙalan wasa. Aka ƙwace wa Juventus kofunan 2005 da 2006, aka tura ta Serie B, aka kuma zaftare mata maki. Nan take kowa ya kama gabansa. Koci Capello ya tafi Real Madrid, Cannavaro da Emerson suka bi shi. Thuram da Zambrotta suka nufi Barcelona. Ibrahimovic da Vieira suka koma Inter. Ban ga laifinsu ba, domin rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, kowa kuma da iyalinsa. Amma Buffon, wanda a lokacin babu ƙungiyar da ba za ta so samunsa ba, ya zauna tare da Del Piero da Nedved da Trezeguet da Camoranesi.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Daga 2006 zuwa 2012, kakar wasa 6 ke nan, yana tsakanin shekara 28 da 34. A cikin 4 daga cikinsu Juventus ba ta ma shiga gasar Zakarun Turai ba. Sau biyu a jere ta ƙare a ta bakwai a Serie A. A waɗannan shekarun ne Milan ta ci kofin, Inter ta ci, Barcelona ta ci sau biyu. Mutumin da ake goranta wa rashin kofin nan ya sadaukar da mafi kyawun shekarunsa wajen tayar da gidan da ya rushe, gidan da ba shi ya rusa ba. Idan aka cire wannan daga musun, wallahi ba a yi masa adalci ba.

Ko a wasannin ƙarshe ukun da ya rasa, ku nuna mini wanda laifinsa ne. A 2003 a Old Trafford, bayan ya riga ya kaɗe fanaretin Figo a wasan kusa da na ƙarshe, ya hana Milan ci har minti 120, ya tare bugun Seedorf da na Kaladze, sai 'yan wasansa uku suka ɓarar da nasu. A shekarar UEFA ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan ƙungiyoyin Turai, karon farko da aka ba mai tsaron gida. A 2015 ya haɗu da Barcelona ta Messi da Suarez da Neymar suna kan ganiyarsu. A 2017 yana da shekara 39 ya haɗu da Real Madrid ta Zidane a Cardiff, aka yi musu 4-1. Gola yana iya hana a ci shi, amma ba shi zai je ya ci wa ƙungiya ba.

Ba ina cewa ba shi da tabo ba ne. A Fabrairun 2012 Sulley Muntari, ɗan Ghana, ya ci wa Milan ƙwallon da ta tsallake layi ƙarara, Buffon ya ciro ta daga ciki, alƙali bai gani ba. Bayan wasan ya ce ko da ya san ta shiga ba zai faɗa wa alƙali ba. Wannan magana ba ta dace da kyaftin ɗin Italiya ba, kuma har yau tana sosa mini rai, musamman da yake maki 4 ne kawai ya raba ƙungiyoyin biyu a ƙarshen kakar. Haka kalaman da ya yi wa alƙali Michael Oliver a 2018, bayan jan katin da ya samu a Bernabeu, sun wuce gona da iri. Na fahimci zafin: an ci ka 3 a gida, ka je Madrid ka rama duka ukun, sannan a ba da fanareti a cikin mintunan ƙarshe. Amma iyalin alƙalin sun sha zagi da barazana a intanet bayan haka, kuma babba ya kamata ya san nauyin harshensa. Daga baya ya nemi afuwa. A PSG ta Faransa ma, inda ya koma daga baya, shi ya amayar da ƙwallon Rashford da Lukaku ya ci, wadda ta buɗe wa Manchester United hanya a 2019.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tsakanin 2003 da 2004, lokacin da kuɗi da suna suka kai masa ko'ina, ciwon damuwa ya kama shi har sai da ya nemi taimakon likitan halayya. Bai ɓoye ba, ya fito ya faɗa da bakinsa a lokacin da 'yan ƙwallo ba sa irin wannan maganar. A wurinmu da namiji ke jin kunyar cewa zuciyarsa ba lafiya, ina ganin wannan ya cancanci a riƙa ambatarsa.

Sauran kuwa alƙaluma ne da kowa zai iya dubawa. Kofin Serie A 10, babu ɗan wasan da ya kai shi. Wasa 657 a gasar, ya wuce Maldini mai 647. Minti 974 a jere ba a ci shi ba a kakar 2015/16, yana da shekara 38, ya shafe tarihin Sebastiano Rossi. Ya fara wasa shekara uku bayan an hana gola kama ƙwallon da ɗan bayansa ya mayar masa da ƙafa, ya kuma daɗe har ya riski zamanin da ake son gola ya riƙa raba ƙwallo kamar ɗan tsakiya. Bai kai Neuer ko Ederson iya ƙafa ba, wannan na yarda. Amma iya tsayuwa a inda ya dace, da tsara 'yan baya da murya, irin yadda ya riƙe Barzagli da Bonucci da Chiellini, ban ga na biyunsa ba.

A Nuwamban 2017, daren da Suwidin ta hana Italiya zuwa Kofin Duniya karon farko tun 1958, magoya baya a San Siro sun yi wa taken baƙi ihu, shi kuwa ya tsaya yana tafa musu. Bayan wasan ya yi kuka a gaban kyamara yana ba 'yan ƙasarsa haƙuri. A 2021, yana da shekara 43, ya koma Parma da ta raine shi, ita ma a lokacin tana rukuni na biyu, ya yi mata kaka biyu kafin ya yi ritaya a Agustan 2023 yana da shekara 45. Duk mai son kawo mini Casillas ko Neuer, bismillah, a zo a yi musun, amma a fara daga Rimini.